Finafinan Gaskiya da Yaran da Aka Mayar Saniyar Ware: Wa Ke Zaɓar Abin da Muke Gani?

Duk lokacin da wani fim ya fito yana nuna yaran da ke kwana a titi, ko waɗanda aka tara a gidan marayu, ko waɗanda yaƙi ya raba da iyayensu, masu kallo kan rabu gida biyu. Wasu su ce ai gani ya kori ji, tunda kyamara ta ɗauka magana ta ƙare. Wasu kuma su ce duk shiri ne, an biya yaran su yi kuka domin a ɓata sunan ƙasa ko a tara kuɗi da sunansu. Kowane ɓangare ya riƙe wani yanki na gaskiya ya saki sauran. A mafi yawan irin waɗannan finafinai yaran na gaske ne, yunwarsu ta gaske ce, dukan da suke sha ma ba wasan kwaikwayo ba ne. Sai dai abin da ya iso gaban mai kallo ya biyo ta hannun mutanen da suka yanke shawarar inda za a kafa kyamara, da abin da za a cire, da wanda za a bari ya yi magana. Yaron da aka ɗauka shi ne mafi ƙarancin ta-cewa a wannan shawara, alhali shi ne zai rayu da abin da ta haifar.

Ma'anar wasu kalmomi

Fim ɗin gaskiya, wanda 'yan fim ke kira dokumentari da kalmar aro daga Turanci, shi ne fim ɗin da ke ɗaukar mutane a rayuwarsu ta zahiri, ba 'yan wasan da aka ba rubutaccen labari su haddace ba. Ya bambanta da rahoton labarai ta fuskar tsawo da zurfi. Rahoto minti biyu ne ko uku, shi kuwa dokumentari akan shafe watanni ko shekaru ana ɗaukarsa, kuma yana da darakta mai manufar da yake son isarwa. John Grierson, ɗan ƙasar Scotland da ya yaɗa wannan suna tun 1926, bai ɓoye cewa aikin ya ƙunshi sarrafa abin da ya faru da fasahar mai fim ba.

Editin shi ne aikin da ake yi bayan an gama ɗauka: a zaɓi hotunan da za su shiga, a jera su, a saka kiɗa da muryar mai bayani da rubutun fassara a ƙasan allo. Yaran da aka mayar saniyar ware kuwa su ne waɗanda talauci, ko naƙasa, ko sana'ar iyayensu, ko yaƙi, ko wata tsangwama ta tura gefe, har ya zama ba su da wanda zai tsaya musu idan an zalunce su. Wannan rashin gata shi ne ya sa ɗaukarsu ke da sauƙi. Ba wanda zai shiga makarantar 'ya'yan manya da kyamara ba tare da takardu da lauyoyi ba, amma yaron da ke kwana a tasha ba shi da ƙofar da zai rufe.

Tun fil azal akwai hannun mai fim

Fim ɗin da ake yawan kira na farko a wannan fanni, Nanook of the North na Robert Flaherty a 1922, cike yake da shiryayyun wurare. An sa mafarautan Inuit su yi farauta da mashi alhali sun riga sun saba da bindiga, an gina ɗakin ƙanƙara mai ɓangare a buɗe domin haske ya ishi kyamara, kuma matar da aka nuna a matsayin matar jarumin ba matarsa ba ce. A 1933 Luis Buñuel ya ɗauki talakawan yankin Las Hurdes na Sifaniya, har da yaransu marasa lafiya, ya nuna akuya ta faɗo daga kan dutse kamar tsautsayi ne, alhali harbe ta aka yi.

Sai kuma talabijin ta zo da nata salon. Rahoton da BBC ta watsa ranar 23 ga Oktoba, 1984 daga Korem ta ƙasar Habasha, wanda Mohamed Amin ɗan Kenya ya ɗauka, Michael Buerk ya karanta, ya girgiza duniya, ya kai ga gangamin Live Aid a 1985, ya kuma ceci rayuka. Amma ya kafa wani hoto da ya daɗe yana bin yaran Afirka: yaro ramamme, shiru, ba suna, ana magana a kansa shi bai ce uffan ba. Masu fim da yawa da suka biyo baya sun gaji wannan hoto, ko sun sani ko ba su sani ba.

Inda ake sassaƙa labarin

Babu buƙatar mai fim ya yi ƙarya kafin ya karkata fahimtar mai kallo. Masu fim ɗin Hoop Dreams na 1994 sun shafe kimanin shekara biyar suna bin wasu yara biyu baƙaƙen fata daga unguwannin talakawan Chicago masu burin zama 'yan ƙwallon kwando. Sun ɗauki sama da awa 250, abin da ya fito bai cika awa uku ba. Ke nan cikin kowane minti 80 da wani abu da aka ɗauka, minti ɗaya kacal mai kallo ya gani. Aikin edita kamar na tela ne: yadin na gaskiya ne, amma shi ya yanka shi ya ɗinka, kuma da wannan yadin zai iya fitar da riga ko wando.

Yankan yana farawa tun a wurin ɗauka. Idan aka matso da kyamara kan fuskar yaro mai hawaye, uwarsa da ke tsaye taku biyu daga gefe tana lallashinsa ta fita daga hoton, sai mai kallo ya ɗauka yaron ba shi da kowa. Idan aka ɗauke shi daga sama yana ɗaga kai, ya zama abin tausayi. Idan mai kyamara ya durƙusa daidai tsayinsa, ya zama mutum mai magana da kai. Kiɗan baƙin ciki kan mayar da wasan yara a kan bola ya zama makoki, ko da a ranar dariya suke yi. Rubutun fassara kuma kan taƙaita doguwar magana mai hikima ta koma kalmomi huɗu, kuma wanda ba ya jin harshen ba shi da hanyar ganewa. Jeri ma hujja ne: a nuna uba yana shan giya, nan take a nuna ɗansa yana bara, mai kallo zai haɗa dalili da sakamako da kansa, ko da watanni ne tsakanin hotunan biyu.

Akwai kuma tasirin kyamarar ita kanta. Yaron da ya girma a titi ya ƙware wajen karanta fuskar baƙo, domin da haka yake ci. Cikin kwana biyu zai gane wane labari ne ke sa mai fim ya matso, wane ne ke sa ya kashe na'ura, sai ya riƙa ba da na farkon. Wannan ba yaudara ba ce daga yaron, dabarar rayuwa ce.

Fim ɗin Children Underground na Edet Belzberg, wanda ya fito a 2001, ya kauce wa yawancin waɗannan dabaru. Ba mai bayani, ba wa'azi. Ya bi yara biyar da ke kwana a tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Piața Victoriei a Bukares, babban birnin Romaniya, ƙasar da dokar mai mulkinta Nicolae Ceaușescu ta 1966 mai hana zubar da ciki, haɗe da talauci, ta bar ɗimbin yaran da iyaye suka kasa riƙewa. Ana ganin yaran da leda a baki suna shaƙar wani fenti mai ruwan azurfa da ake kira Aurolac, yadda wasu ke shaƙar sholisho, leɓunansu na ƙyalli, matafiya na wuce su ba ko waiwaye. Ana dukansu, kyamara na ci gaba da aiki. A nan ne tambaya mai nauyi take: mai ɗaukar hoton babban mutum ne da ke tsaye a wurin. In ya ajiye kyamara ya raba, ya ceci yaro ɗaya na wannan daren, duniya kuma ba za ta ga abin da ke faruwa kullum ba. In ya ci gaba da ɗauka, ya samu shaida, amma yaron ya ga wani babba ya tsaya yana kallonsa ana dukansa. Ko wanne ya zaɓa, zaɓin nasa ya shiga cikin abin da za a kira gaskiya. Masu Hoop Dreams su ma sun gamu da irin wannan: da aka yanke wa ɗaya daga cikin iyalan wutar lantarki sun ɗauki gidan a cikin duhu, sannan suka taimaka da kuɗi aka dawo da wutar, daga baya kuma suka raba ribar fim ɗin da iyalan.

Misalin Kolkata

Fim ɗin da ya fi fito da wannan muhawara fili shi ne Born into Brothels na Zana Briski da Ross Kauffman, wanda ya fito a 2004, ya ci lambar yabo ta Oscar a 2005. Briski mai ɗaukar hoto ce da ta je Sonagachi, unguwar mata masu zaman kansu a birnin Kolkata na Indiya. Ta ba wasu 'ya'yan matan ƙananan kyamarori, ta koya musu ɗaukar hoto. Hotunan yaran sun yi kyau ƙwarai, an baje su an sayar a ƙasashen waje, aka gayyaci ɗaya daga cikin yaran zuwa Amsterdam, kuma daga baya ya yi karatun fim a Jami'ar New York. Rabin fim ɗin na biyu ya koma kan fafutukar Briski ta shigar da yaran makarantun kwana: tana zarya a ofisoshi, tana neman takardu, tana kai su gwajin jini.

Wanda ya kalli fim ɗin zai fita da fahimta guda: unguwar rami ce, iyayen su ne haɗarin, mafita ita ce a cire yaro. Ana nuna mata suna zage-zage a gaban yara, ana nuna uba da ƙwaya ta gama da shi. Waɗannan abubuwa sun faru, ba ƙirƙirarsu aka yi ba.

Abin da ba a nuna ba shi ne ya tayar da ƙura. Tun 1992 ake gudanar da wani shirin yaƙi da cutar ƙanjamau a Sonagachi wanda ya yi suna a duniya, kuma daga cikinsa ne a 1995 matan suka kafa ƙungiyarsu, Durbar Mahila Samanwaya Committee, da asusun haɗin gwiwa na ajiya da rance, da shirye-shiryen karatu na 'ya'yansu. Ƙungiyar ta soki fim ɗin da cewa ya nuna iyaye mata kamar ba su damu da 'ya'yansu ba, ya kuma share duk ƙoƙarin da mutanen unguwar ke yi da kansu. Partha Banerjee, wanda ya yi aikin fassara a fim ɗin, ya rubuta wa masu ba da lambar Oscar wasiƙar ƙorafi. Masu fim ɗin kuma sun ce ba za su nuna shi a Indiya ba domin kare sirrin waɗanda ke ciki. Dalilin yana da ma'ana, amma sakamakonsa shi ne duniya ta yanke wa unguwa hukunci bisa shaidar da mutanen unguwar ba su samu damar gani su mayar da martani ba.

Adalci ya sa a faɗi cewa fim ɗin bai ɓoye gazawarsa gaba ɗaya ba, domin rubutun ƙarshensa ya bayyana cewa wasu yaran sun bar makarantun ko iyayensu sun cire su. Kuma wasu yaran sun amfana da gaske. Matsalar tana ga ginin labarin. Da zarar an sa baƙo a tsakiya a matsayin mai ceto, dole a samu wanda za a ceci yaro daga hannunsa, kuma wannan matsayi kan faɗa kan uwar da ta haife shi take ciyar da shi.

Me ke jawo haka?

Ba lallai sai da mugun nufi ba. Yawancin masu irin wannan aiki tausayi ne ya kai su. Amma fim yana cin kuɗi, masu ba da kuɗin kuwa gidajen talabijin ne da gidauniyoyi da ƙungiyoyin agaji, galibi a Turai da Amurka, masu kallon da ake nufi ma can suke. Bukukuwan finafinai da masu ba da lambobin yabo suna son labari mai jarumi da mugu da ƙarshe mai taɓa zuciya. Dalilan talauci na haƙiƙa, irin su rabon kasafin kuɗi, da rikicin filaye, da faɗuwar farashin amfanin gona, ba su da fuskar da za a matso da kyamara a kai. Yaro yana da ita. Ga kuma tunanin da ya kafu cewa yaro ba shi da laifi, don haka tausaya masa ba ya buƙatar mai kallo ya ɗauki matsayi a siyasa.

Fim ɗin Kony 2012 ya nuna iyakar inda wannan ke kaiwa. Ƙungiyar Invisible Children ta Amurka ta saki fim ɗin mai kimanin minti 30 a watan Maris na 2012, kuma cikin kwana shida aka kalle shi sama da sau miliyan 100 a intanet. Laifukan Joseph Kony da mayaƙansa na ƙungiyar 'yan tawaye ta LRA, na sace yara su mayar da su sojoji, tabbatattu ne, kotun duniya ta ICC ta ba da sammacin kama shi tun 2005. Sai dai mayaƙan sun bar arewacin Yuganda tun wajen 2006, sun koma dazukan Kwango da Afirka ta Tsakiya da Sudan ta Kudu, abin da fim ɗin ya taɓo a gurguje. Daraktan ya ba da lokaci mai tsawo yana yi wa ƙaramin ɗansa bayanin wane ne mugu. Da aka nuna fim ɗin a garin Lira na arewacin Yuganda, a gaban mutanen da yaƙin ya shafa, taron ya watse da jifa. Amurka ta janye daga farautar Kony a 2017 ba tare da an kama shi ba.

Bayan an kashe kyamara

Fim ba ya tsayawa ga bayyana duniya, yana sauya ta, kuma sauyin kan zo da fuska biyu. A watan Nuwamban 2008 tashar Channel 4 ta Birtaniya ta nuna Saving Africa's Witch Children, kan yaran jihar Akwa Ibom da ake yi wa ƙazafin maita, a azabtar da su ko a kore su daga gida. Kafin shekarar ta ƙare gwamnatin jihar ta sa hannu kan dokar kare haƙƙin yara da ta haramta jifan yaro da maita. Daga baya gwamnan jihar na lokacin, Godswill Akpabio, ya yi ƙorafin cewa ana zuzuta lamarin, masu kula da yaran kuma suka fuskanci matsin lamba. A Bulgeriya, fim ɗin Kate Blewett na 2007 da BBC ta nuna kan gidan yara masu naƙasa na Mogilino ya kai ga rufe gidan, kuma a 2010 ƙasar ta ɗauki manufar rufe irin waɗannan gidaje a hankali.

Romaniya ta ga ɗaya fuskar. Bayan faɗuwar Ceaușescu a Disambar 1989, shirye-shiryen talabijin, ciki har da na tashar ABC ta Amurka a 1990, sun nuna mummunan halin gidajen marayun ƙasar. Dubban mutane daga Yamma suka yi tururuwar zuwa ɗaukar riƙon yara. Abin da hotunan ba su fayyace ba shi ne yawancin yaran nan iyayensu na raye, talauci ne ya raba su. Dillalai suka shigo, aka koma sayen jarirai daga hannun iyaye matalauta, har gwamnati ta dakatar da fitar da yara a 1991, ta sake dakatarwa a 2001. Kalmar maraya da aka liƙa wa yaran ita ta tsara irin taimakon da ya zo.

A Tanzaniya kuma, Darwin's Nightmare na Hubert Sauper, wanda ya nuna yaran titi na Mwanza a gefen masana'antun fitar da kifin tafkin Victoria, ya fusata gwamnati har Shugaba Jakaya Kikwete ya soke shi a bainar jama'a a 2006. Daraktan yana Turai. Mutanen garin da suka taimaka masa su ne suka shiga tsaka mai wuya.

Batun amincewa

Yarjejeniyar Kare Haƙƙin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989 ta ce a sashe na 3 maslahar yaro ce kan gaba, a sashe na 12 a saurari ra'ayinsa, a sashe na 16 a kare sirrinsa da mutuncinsa. Najeriya ta shigar da waɗannan ƙa'idoji cikin dokarta ta haƙƙin yara ta 2003. A aikace kuwa, me amincewar yaro ɗan shekara tara mai jin yunwa ke nufi, idan wanda ke neman izinin shi ne ya saya masa abincin rana? Kuma wa zai sa hannu a madadin yaron da ba a san inda iyayensa suke ba? A binciken da ƙungiyar Save the Children ta wallafa a 2017, wanda aka gudanar a Birtaniya da Jordan da Bangladesh da Nijar, waɗanda aka taɓa ɗauka sun nuna cewa da yawansu sun yarda ne da fatan samun taimako, suna son su yi magana da bakinsu, suna kuma son a dawo a nuna musu abin da aka yi da hotunansu.

Lokaci ma yana sauya amincewa. A Hong Kong, darakta Mabel Cheung ta shafe shekara goma tana bin 'yan matan wata fitacciyar makaranta. A Fabrairun 2023 aka janye fim ɗin daga gidajen sinima bayan ɗaya daga cikinsu ta bayyana cewa ba ta yarda a nuna shi ga jama'a ba, takardar da aka dogara da ita iyayenta ne suka sa wa hannu tana ƙarama. Ita tana da ilimi da hanyar kaiwa ga 'yan jarida. Yaron tasha ba shi da su. A Indiya, Nisha Pahuja ta jinkirta fitar da To Kill a Tiger, labarin wata 'yar shekara 13 da aka yi wa fyaɗe a jihar Jharkhand, har yarinyar ta kai 18 ta kalla ta amince a nuna fuskarta. Duk da haka wasu masu rajin kare yara sun soki matakin, suna kafa hujja da dokar ƙasar ta 2012 da ta hana bayyana yaron da aka yi wa irin wannan laifi. A da fim kan fito ya wuce. Yanzu yana zaune a intanet, kuma wanda aka ɗauka yana shaƙar fenti yana ɗan shekara goma zai iya zuwa neman aure ko aiki ya tarar hoton ya riga shi isa.

Ra'ayoyin da ke karo da juna

Masu kare waɗannan finafinai suna cewa zalunci a ɓoye yake bunƙasa, kuma da ba a nuna Mogilino ba da yaran can sun ci gaba da ruɓewa a gadajensu. Suna ƙara da cewa masu mulki ne suka fi kowa son a ce an ɓata sunan ƙasa, domin hakan na kawar da hankali daga gazawarsu. Wannan hujja ce mai ƙarfi, kuma tarihi ya gaskata ta sau da yawa.

Masu suka kuma suna cewa an mayar da wahalar yara haja: mai fim ya samu lambar yabo, ƙungiya ta samu gudummawa, yaro ya samu tambarin da zai bi shi har girma, al'ummarsa kuma a san ta da abu ɗaya tak. Sukar ta yi tasiri. A 2020 ƙungiyar Comic Relief ta Birtaniya ta sanar da daina tura taurari zuwa Afirka su yi fim a tsakiyar yara marasa lafiya, ta ce za ta riƙa aiki da masu fim 'yan ƙasa.

Abin da ya fi kusa da daidai shi ne hujjar farko ta halatta a nuna matsalar, amma ba ta halatta kowace hanyar nuna ta ba. Ana iya fallasa gidan marayu ba tare da nuna tsiraicin yaro ba. Ana iya ɓoye fuska da suna labari bai rasa ƙarfinsa ba. Zama ɗan ƙasa kuma ba ya wanke mai fim, domin ɗan birni mai hali zai iya kallon yaron ƙauye da idon da ya fi na baƙo raini.

Idan kyamara ta koma hannun yaran

Akwai hanya ta uku, kuma an gwada ta a Kano. Almajirai na cikin yaran da aka fi ɗauka a hoto a Najeriya, kusan kullum da roba a hannu a bakin titi, a ƙarƙashin kanun labarin barazanar tsaro. A 2011 wasu almajirai tara, tare da mai bincike Hannah Hoechner da tallafin cibiyar Goethe, suka fitar da fim ɗin Duniya Juyi Juyi. Su suka tsara labarin, suka fito a ciki, suka riƙe kyamara. Labarin yaro ne da aka kawo birni karatun allo, yana aikatau a gidaje. Abin da suka fi nunawa shi ne wulakancin da suke sha a hannun mutanen gari da suke yi wa aiki, da kuma burinsu na ilimi da sana'a. Yatsan da aka saba nuna wa iyayensu da malamansu sai ga shi ya juyo kan mai kallo. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

Wannan ma zaɓaɓɓiyar gaskiya ce. Fim ɗin shiryayyen labari ne da aka gina kan abin da suka gani a rayuwa, kuma wanda ke ba da labarin kansa yakan rufe abin da zai kunyata shi ko malaminsa. Kuɗi da horo ma daga waje suka zo. Bambancin shi ne a nan wanda zai ɗauki nauyin sakamakon shi ne ya yi zaɓin.

Yau kusan kowa na da kyamara a aljihu, kuma bidiyon yara mabarata, da na marasa lafiya da ake nema wa taimako, da na yaran da aka kama da laifi, suna yawo a WhatsApp da TikTok ba edita ba doka. Don haka tambayoyin da ake yi wa manyan daraktoci sun hau kan kowa: wa ya ɗauka, wa ya biya, ina iyayen yaron da maƙwabtansa a cikin hoton, kuma shin an nuna wa mutanen wurin kafin a nuna wa duniya? Ga 'yan jarida da ƙungiyoyin agaji da masu shirya finafinai, kira shi ne a nemi izinin yaro da na waliyyinsa da harshen da suke ji, a bayyana musu inda hoton zai je, a rufe fuska duk inda akwai abin kunya ko haɗari, a kuma bar musu hanyar janye amincewarsu daga baya. Mai karatu kuma, kafin ka tura bidiyon ɗan wani gaba, ka tabbata za ka yarda a tura shi da ɗanka ne a ciki.